Lissafin Ɗebewa

Rediyon Tambai mai shayi ce ta fara faɗa,
tana tari, batirinta ya kusa mutuwa:
wai ana shawarar sake awon haraji,
a sauke wa na ƙasa, a ɗora wa na sama.
Ɗan'azumi mai kura ya ajiye kofi ya yi kabbara.
Alhaji Mato bai ko ɗaga kai ba,
yana ɓare goronsa da farce.
Ni kuwa burodi ya jiƙe a hannuna
ina tambayar kaina: to ni na ina ne?

Shekara ashirin da shida da alli a yatsuna.
Hedimasta, mai rufin kwano,
mai babur da ba ya tashi sai yara sun tura.
A garinmu wannan ya isa a kira ka mai hali.
Ragon sunan ɗan ƙanena, ni.
Likkafanin gwaggo, ni.
Kuɗin mota zuwa asibitin Gumel da tsakar dare,
ƙofata ake bugawa.
Wannan harajin ba akawun da ya taɓa rubuta shi,
kuma ban taɓa makara ba.

Albashina ba shi da ɗakin ɓuya.
Kafin ya yi ƙara a wayata
an riga an sa masa cokali.
Sunana, lambata, matakina,
duk suna kwance a Dutse cikin na'ura
kamar tunkiyar da aka ɗaure a bakin mahauta.

Dukiyar Alhaji kuwa ba ta san biro ba.
Tana barci a buhunan riɗi, sito uku,
tana kiwo a hannun Jauro can bayan iyaka,
tana gudu a kan kwalta da sunan yaronsa.
Wa zai aika wa saniya takarda?

Na faɗa masa haka, da wasa, a kan benci.
Ya tauna goro ya daɗe.
Ya ce, "Malam, ka taɓa raka mota
daga Maigatari zuwa bakin teku?
Ƙirga min igiyoyin da ke kan hanya.
Wata da rasit, wata da sanda kawai.
Kuɗin ƙasa, kuɗin lodi, kuɗin ba-suna.
In za su haɗe su wuri guda, na sa hannu yau.
In kuwa ƙari ne a kan ƙari,
ba zan yi faɗa da hukuma ba.
Zan rage wa manomi, in ƙara wa mudu.
Ruwa ba ya kwana a tudu."

Ɗan'azumi ya dubi kofinsa.
Kabbararsa ta huce tare da shayin.

Da dare ni da Hansai muka baje takardu a tabarma,
fitilar waya a bakina.
In sun ja layin nan, mun tsira da kuɗin sabulu.
In sun ja shi can, kuɗin makarantar Rakiya ya ji rauni.
Layi ɗaya, siririn gashi,
wanda ya ja shi bai san kuɗin takin bana ba.
Ta ce, "Ni ban ƙi a yanka ba.
Ko layya ai yanka ce.
Amma a layya ana ganin inda naman ya shiga."

Da safe aji uku, wanda iska ta yaye wa rufi tun bara waccan,
rana tana zaune a layin gaba ba ta biya ko sisi ba.
Na rubuta a allo: goma a ɗebe uku.
Suka amsa baki ɗaya, bakwai!
Sai ƙaramar 'yar Ɗan'azumi ta ɗaga hannu,
rigarta da faci a kafaɗa:
"Malam, ukun da aka ɗebe,
ina suke zuwa?"

Na juya na dubi allo.
Na ce a buɗe shafi na gaba.